Tambaya da Amsa: Zuwa Tsibirin Skye a Mota da Ɗan Kare a Watan Agusta

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune da maigidana a Manchesta shekara tara ke nan. Bara wata tsohuwa maƙwabciyarmu ƙarfinta ya ƙare, aka mayar da ita gidan kula da tsofaffi, sai ta roƙe mu mu riƙe mata ɗan karenta, irin ƙananan nan da nauyinsu bai wuce kilo shida ba, muka kuwa karɓa a matsayin amana. Bana muna so mu yi hutun kwana bakwai a mota a makon farko na Agusta, mu je tsibirin Skye da ke arewa maso yammacin Sikotilan, daga can mu tsallaka tsibiran Harris da Lewis. Sau ɗaya muka gwada kai karen gidan da ake ajiye karnuka, ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, don haka tare da shi za mu tafi. Shin wannan tsari zai yiwu? Me ya kamata mu fara kamawa, ta gada za mu shiga ko ta jirgin fito, kuma me za mu kiyaye saboda karen? Na gode.

Daga wata mai karatu a Manchesta.

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka muku da alheri bisa riƙon amanar wannan baiwar Allah. Tafiyar za ta yiwu, amma shawarata ta farko ita ce ku cire Harris da Lewis daga lissafin bana, ku bar wa Skye kwanakin gaba ɗaya. Daga Manchesta zuwa Portree, babban garin tsibirin, tafiya ce da ta haura mil 400, kuma rabinta na biyu, wato daga Gilasgo zuwa arewa, hanya ce mai lanƙwasa da hawa da gangara wadda ba a gudu a kanta. Idan kika ware kwana ɗaya da rabi na zuwa da wani ɗaya da rabi na dawowa, kwana huɗu ne suka rage a hannunku. Jirgin da ke tashi daga Uig a Skye zuwa Tarbert a Harris yana cin kusan awa ɗaya da minti 40, gurbin mota a cikinsa yana ƙarewa da wuri a wannan lokaci, sannan a Lewis da Harris yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi saboda yadda mutanen wurin ke girmama ranar. Cusa duk wannan cikin kwana huɗu zai sa yara da kare su shafe hutunsu a kujerar baya. Ku ajiye waɗancan tsibiran zuwa wata shekarar, in Allah ya kai mu, ku haɗa da ziyarar masallacin Stornoway, babban garin Lewis, da aka buɗe a 2018.

Ki kuma duba ranakun da kyau. Makarantun Sikotilan suna tafiya dogon hutu daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, na Ingila kuwa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, saboda haka makon da kuka zaɓa shi ne daidai inda hutun biyu suka haɗu, ga kuma baƙin da ke zuwa daga ƙasashen waje. Mazauna Skye ba su wuce kusan mutum 10,000 ba, kuma hanyoyinsa da masaukansa an yi su ne daidai da wannan adadi. Idan aikin maigida zai bari a matsar da tafiyar zuwa makon ƙarshe na Agusta, lokacin da yaran Sikotilan suka koma aji alhali naku suna hutu, za ku ga sauƙin cunkoso. Idan ba zai yiwu ba, sai a yi shiri da wuri.

Abin da za a fara kamawa shi ne masauki, kafin jirgi, kafin komai. Gidajen da ke karɓar kare kaɗan ne cikin waɗanda ake da su, kuma su ne ke fara cikewa, har wasu tun cikin hunturu ake kama su. Ni dai gidan haya mai ɗakin girki nake ba ku shawara a kai maimakon otal, kuma guda ɗaya tak, ku sauke kaya sau ɗaya ku riƙa fita kuna dawowa. Kare irin naku, wanda aka raba da uwar ɗakinsa bara kuma ya ƙi cin abinci a baƙon wuri, sauya masa makwanci kowane dare zai tayar masa da hankali, ya riƙa haushi ko ya ɓata shimfiɗar mutane. Gidan girki yana kuma warware muku batun abinci, domin za ku iya tahowa da naman halal daga Manchesta ko Gilasgo a cikin akwatin ƙanƙara, ku ƙara da kifin da ake samu a tsibirin, kuna sayen sauran cefane a kantunan Broadford ko Portree. Da yawa daga cikin irin waɗannan gidaje mako guda cur suke bayarwa a lokacin cunkoso, galibi daga Asabar zuwa Asabar, don haka ki tambaya ko suna ba da kwana huɗu ko biyar, in kuwa ba sa bayarwa ki gwada ƙara kwana biyu a kan hutun naku.

Kafin ki biya, ki rubuta wa mai gidan ki tambaye shi a fili: nawa ne ƙarin kuɗin kare, ko farfajiyar tana da shinge, ko an yarda kare ya shiga ɗakin kwana, sannan ko an yarda a bar shi shi kaɗai a gidan. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai nauyi, domin amsarta sau da yawa a'a ce, ma'ana duk inda kuka sa ƙafa da shi za ku je, har wurin cin abinci. Ki ajiye amsar a rubuce.

Batun gada ko jirgi kuwa, ina ganin ku shiga ta ɗaya ku fita ta ɗayar. Gadar Skye, wadda ta haɗa Kyle of Lochalsh da Kyleakin, an buɗe ta a 1995, an kuma daina karɓar kuɗin hawanta a ƙarshen 2004, don haka kyauta ce kuma ba ta buƙatar tikiti ko jiran lokaci. Jirgin fito na kamfanin CalMac yana tashi daga Mallaig zuwa Armadale a kudancin tsibirin, tsallakawar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma hanyar da ke kai mutum Mallaig daga Fort William, kimanin mil 43, tana cikin mafi kyawun gani a ƙasar. Amma jirgi yana da lokaci, dole a sayi gurbin mota tun da wuri, dole a iso kafin lokacin da aka rubuta a tikiti, kuma iska mai ƙarfi ko matsalar inji kan sa a soke tashi. Saboda haka ku kwana a wajajen Gilasgo ko Fort William a daren farko, ku hau jirgi washegari da hantsi kuna da sauran lokaci a hannu, in an soke sai ku zagaya ta gada. Ranar dawowa kuwa, da gida ke jiranku da aiki, ku bi gada, ku tsaya a bakin fadar Eilean Donan yara su ɗauki hoto. Lokacin sayen tikiti ki shigar da karen cikin lissafi, ki kuma karanta dokar jirgin: akwai wurin da aka keɓe wa masu dabbobi, kuma idan aka bar kare a mota ba lallai a bar ki ki koma wurinsa ba sai an isa. Kare mai fargaba irin naku, ki ɗauko shi a hannu ya zauna tare da ku. Akwai wani ɗan ƙaramin jirgi tsakanin Glenelg da Kylerhea mai ɗaukar mota shida, wanda ake juya dandamalinsa da hannu, yana aiki a watannin ɗumi kawai. Yara za su so shi, sai dai hanyar zuwa wurinsa siririya ce mai hawa, ban ba da shawararta ga wanda bai saba ba a ranar farko.

Takardu ba su da yawa tunda ba ku fita daga Birtaniya ba, babu buƙatar fasfon dabba. Abu biyu ne doka ta wajabta: 'yar ƙwayar shaidar nan da ake dasawa a ƙarƙashin fatar kare, wadda ta zama tilas tun Afrilun 2016, da kuma abin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi. A nan ki lura da wani abu da ya shafe ku musamman. Mai yiwuwa har yanzu sunan tsohuwar da lambar wayarta ne ke kan rajistar ƙwayar, ta yadda in karen ya ɓace a Skye aka tsince shi, wayar da ba mai ɗauka za a kira. Ki je wurin likitan dabbobi a duba, a mayar da bayanan zuwa naku, ki kuma sa lambar wayarki a abin wuyan.

A cikin mota, ƙa'ida ta 57 ta dokokin hanya na Birtaniya ta ce a tsare kare yadda ba zai ɗauke hankalin direba ba, kuma ba zai ji rauni ko ya ji wa wani ba idan aka taka birki da ƙarfi. Keji da aka ɗaure ko ɗamarar ƙirji da ake maƙalawa a bel ɗin kujerar baya, kowanne ya wadatar, amma kada a ɗaure shi ta wuya, kada kuma a riƙe shi a cinya a kujerar gaba. Ku fara saba masa tun yanzu da tafiyar rabin awa, sannan awa ɗaya, domin ku gane ko mota na sa shi amai. Hanyar A82 da ta bi gefen tafkin Lomond ta ratsa Glencoe tana juya cikin mutum ma, balle na ɗan kare. A ba shi abinci awa biyu ko uku kafin a tashi, a tsaya duk bayan awa biyu ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, kuma a maƙala masa igiya kafin a buɗe ƙofa, ba bayan an buɗe ba. Ki taho da abincin da ya saba da shi wanda zai ishe shi har dawowa, da bargonsa ba tare da an wanke ba, domin ƙamshin gida yana kwantar masa da hankali. Kada sanyin Sikotilan ya ruɗe ku ku bar shi a mota a rufe. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA tana gargaɗin cewa idan zafin waje ya kai digiri 22, cikin mota na iya kaiwa 47 cikin awa guda, kuma rage gilashi kaɗan ba ya hana hakan.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe a zuciya, wato tumaki. A Skye tumaki sake suke yawo a kan tuddai da gefen hanya, kamar yadda ake sakin dabbobi a ƙauyukanmu bayan an kwashe amfanin gona, domin manoman wurin suna da makiyaya ta haɗin gwiwa da yawanci ba ta da shinge. Za ki gan su kwance a kan kwalta, da 'yan ragunan da aka haifa a Afrilu da Mayu suna biye da iyayensu. Mutane da yawa suna ɗauka ɗan kare mai kilo shida ba zai yi wa tunkiya komai ba, alhali kora kaɗai ta isa ta sa tunkiya ta faɗa rami ko ta gangara daga kan dutse, ko ɗa ya rabu da uwarsa. Dokar Sikotilan da aka gyara a 2021 ta ɗauki korar dabbobin kiwo laifi ko da ba a yi cizo ba, hukuncinsa na iya kaiwa tarar fam 40,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun, kuma a wasu yanayi doka tana kare manomin da ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa. Waɗannan tumaki su ne dukiyar mutanen da za ku sauka a garinsu. Don haka igiya gajera a hannun babba, ba a hannun yaro ba, a duk inda ba ku da tabbacin babu dabbobi, kuma irin igiyar nan mai warwaruwa da kanta a kulle ta. A yanayi ɗaya ne kawai ake sakin igiya: idan shanu masu 'yan maruƙa suka taso muku, ƙa'idar fita daji ta Sikotilan ta ce a saki karen, domin shi suke nufi kuma ya fi ku gudu, ku kuma ku fice ta hanya mafi kusa cikin natsuwa. Inda kuka ga ƙarafunan da ake shimfiɗawa a kan rami a tsakiyar hanya don hana dabbobi wucewa, a ɗauki karen a hannu, domin ƙafarsa za ta zurma tsakaninsu.

Hanyoyin da ke kaiwa wurare masu kyau galibi faɗin mota ɗaya ne, da wuraren ratsewa jefi-jefi masu alamar farin allo. Idan wurin ratsewar yana hagunku sai ku shiga ciki, idan yana dama sai ku tsaya daura da shi a ɓangarenku mai zuwa ya shiga, kuma idan mota ta matso ta bayanku ku ratse ta wuce, domin mai yiwuwa ɗan gari ne da ke hanyar aiki ko asibiti. Ba a ajiye mota a waɗannan wurare ko da don ɗaukar hoto ne. Na taɓa tsayawa a hanyar Neist Point, wani tsinin ƙasa a yammacin tsibirin, da tsakar rana, motoci sun yi layi gaba da baya saboda wani baƙo ya bar motarsa a wurin ratsewa ya hau tudu da kyamara, wata mata a motar da ke gabana ta fito da karenta tana ba shi ruwa a tafin hannu yana haki, har muka shafe kusan rabin awa kafin hanya ta buɗe. Tun daga ranar nake cewa a fita da sassafe ko bayan la'asar. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa a Skye sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka wanda ya huta da rana ya fita ƙarfe 5 na yamma yana da sauran haske mai yawa, ya kuma tarar da wurin ajiye mota ya yi sauƙi. A sha mai a Broadford ko Portree kafin a nausa, kada a bari tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Sai dai safiya da yamma su ne lokacin wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da mutanen wurin ke kira mijis, waɗanda ke fitowa dandazo daga Yuni zuwa Agusta idan iska ta kwanta kuma akwai danshi. Iska kaɗan tana korarsu, saboda haka a waɗannan lokuta ku zaɓi bakin teku da kan tudu, ku guji gindin itatuwa da bakin rafi. Ku sayi maganin shafawa da ragar rufe fuska domin kanku, amma kada a shafa wa kare maganin mutane, musamman mai sinadarin DEET, domin guba ne a gare shi. Abin da ya fi mijis haɗari shi ne kaska, wadda ke maƙale a dogayen ciyayi inda tumaki da barewa ke bi, tana kuma iya ɗaukar cutar Lyme ga kare da mutum. Ki sa likitan dabbobi ya ba shi maganin kaska kafin tafiya, sannan kowane dare a zaunar da shi a kan farin tawul a bi jikinsa da yatsu, a duba bayan kunne, da hammata, da tsakanin yatsun ƙafa, da ƙarƙashin abin wuya. Kaskar can ƙarama ce ƙwarai, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba kafin ta sha jini. Ana sayar da wata 'yar ƙugiya ta roba da ake zurawa ƙarƙashinta a murza har ta saki. Kada a fizge ta da farce, kada a ɗiga mata kananzir ko a shafa mata man shafawa kamar yadda wasu ke yi wa dabbobi a gida, domin hakan na sa ta amayar da abin da ke cikinta a jikin wanda ta ciza. A duba yaran ma, kuma in wani jan zobe ya fito a fatar ɗayanku cikin makonnin da suka biyo baya, a ga likita a gaya masa inda aka je. Akwai kuma maciji mai dafi a tsibirin da kan kwanta shan hantsi a cikin ciyawa, wanda shi ma dalili ne na riƙe igiya da bin turba. Ki rubuta lambar likitan dabbobi mafi kusa da masaukinku a takarda, domin akwai wuraren da waya ba ta samun sabis.

Wuraren da suka yi suna ba duka ne suka dace da gajeren kare ba. Tuddan Quiraing da Neist Point suna da turba a gefen gangare mai zurfi da iska mai ƙarfi, don haka in za ku je, ku tsaya a farko-farkon hanya ku more gani daga nan. Hawan zuwa dogon dutsen da ake kira Old Man of Storr yana da tsayi, ku shirya ɗaukar karen a jaka idan ya gaji. Wurin kududdufan rafi da ake kira Fairy Pools a kwarin Glen Brittle shi ne inda cunkoso ya fi tsanani da rana. Wanda na fi so muku shi ne farin gaɓar tekun da ke Claigan, arewa da Dunvegan, tafiya ce mai sauƙi ta kusan mil ɗaya daga wurin ajiye mota, ko da yake akan tarar da shanu a hanya. A rana guda za ku iya haɗawa da lambun fadar Dunvegan, gidan shugabannin zuriyar MacLeod na kusan shekara 800, inda ake barin kare mai igiya ya shiga lambun amma ba cikin fadar ba, sai ku yi karɓa-karɓa da maigida. Idan kuma sha'awar ƙarin tsibiri ta ƙi barinku, ga Raasay nan kusa, minti 25 ne a jirgi daga Sconser, kuma ba ta da hayaniya ko a tsakiyar Agusta. Wuri ɗaya a rana ya isa, biyu in suna kusa da juna. Ku riƙa tafiya da ledar kwashe kashinsa, ku riƙe ta har inda akwai kwandon shara.

Ba ki tambayi batun tsarki ba, amma zaman kwanaki a ƙaramin gida da mota ɗaya zai kawo shi. Mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake an yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, kuma ƙarin bayani sai a koma ga malamai. A aikace, ki taho masa da kwanoninsa biyu na ci da sha da soson wankinsu dabam, kada a taɓa amfani da kwanukan mai gida, ki keɓe ɗaki ɗaya da ba ya shiga domin salla, ki kuma ajiye darduma a jakar da ake zugewa. Ki ƙara da tsofaffin tawul biyu na goge masa ƙafa a bakin ƙofa, domin ruwan sama ba ya yi wa Skye wuya ko a Agusta, da wani zane da za ki rufe kujerar falo da shi. In kun dawo, ku wanke hoton karen da kuka ɗauka a bakin teku a takarda, yaran su kai wa tsohuwar da hannunsu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.